Bushewar Gaba Bayan Sankarar Mama: Tsakanin Kayan Mata, Kafso da Man Estrojin

Tambaya: Likita, shekaruna 53. An yi mini aikin sankarar mama, na yi kemo da gashin na'ura, kuma an ce irin tawa mai rayuwa da sinadarin estrojin ce, shi ya sa aka ɗora ni a kan letrozole. Tun da na fara shan sa gabana ya bushe, yana zafi da ƙaiƙayi, fitsari yana yi mini raɗaɗi, kwanciyar aure ta zama azaba, wani lokacin har da ɗigon jini. An sha ba ni maganin sanyi amma babu sauƙi. Ƙawaye sun kawo mini hulba da kafson waken suya da kayan mata na sha da na matsi, wani mai kemis kuma ya ce in shafa man estrojin, ni kuwa ina tsoro. Wanne ne ba zai dawo mini da cutar ba? Ko in ajiye letrozole ɗin in huta?

Amsa: Hajiya, sannu da jiki, Allah ya ƙara afuwa, ya sa kaffara ne. Zan fara da tambayarki ta ƙarshe, domin ita ce ta fi nauyi. Kada ki ajiye letrozole da kanki. Daga cikin duk abubuwan da kika lissafa, da hulbar da kafson da man estrojin, babu wanda aka tabbatar yana dawo da sankara kamar yadda aka tabbatar barin maganin nan yana buɗe mata ƙofa. A 2015 ƙungiyar masu bincike da ke da cibiya a Oksfod ta haɗa sakamakon gwaje-gwajen da aka yi a kan dubban mata, ta nuna cewa shan irin wannan magani na tsawon shekara 5 yana rage mutuwa daga sankarar mama da kimanin kashi 40 cikin 100 a cikin shekara 10, idan aka kwatanta da wadda ba ta shan maganin toshe estrojin ko kaɗan. Irin sankarar da aka yi miki kuma tana da haƙuri, tana iya kwanciya shekara 10 ko 15 ko 20 kafin ta sake motsawa, don haka jin cewa kin warke a yau ba dalilin ajiye magani ba ne. Amma wannan ba ya nufin ki ci gaba da shan azaba a ɓoye. Abin da kike fama da shi sananne ne, yana da magani mataki-mataki, kuma likitan da ya rubuta miki letrozole ya kamata ya ji shi daga bakinki kamar yadda na ji.

Bayan mace ta daina al'ada, ma'ajiyar ƙwanta takan daina samar da estrojin, amma jiki ba ya rasa shi gaba ɗaya, domin akwai wani sinadari mai suna aromatas, wanda ya fi yawa a cikin kitse, da ke juya wasu sinadaran jiki zuwa ɗan estrojin kaɗan. Aikin letrozole, da 'yan'uwansa anastrozole da exemestane, shi ne rufe wannan hanya kusan ɗungurungum, ta yadda ƙwayar sankarar da ta ɓuya a wani lungu ba za ta sami abin da za ta rayu da shi ba. To, fatar farji da ta bakinsa da hanyar fitsari da mafitsara duk da estrojin suke rayuwa. Idan ya ɗauke, fatar takan yi siriri, jinin da ke zuwa wurin ya ragu, ni'ima ta ƙafe, wurin ya daina miƙewa kamar da. Akwai kuma ƙwayoyin halitta masu amfani da ke zaune a farjin mace mai lafiya, suna cin wani nau'in sitaci da fatar ke ajiyewa, suna mayar da wurin mai tsami, a ma'aunin tsami tsakanin 3.8 da 4.5. Idan sitacin ya ƙare sai su ragu, ma'aunin ya haura 5, ƙwayoyin cuta su sami wurin zama. Shi ya sa raɗaɗin fitsari da yawan kamuwa da ciwon mafitsara suke zuwa tare da bushewar. Kuma saɓanin zufa da zafin jikin da ke taso wa mace lokacin ɗaukewar al'ada, waɗanda sukan lafa da kansu, wannan matsala ba ta tafiya don an yi haƙuri, ƙaruwa ma take yi idan aka ƙyale ta.

A nan ne maganar sanyi ta shigo. A wurinmu kusan duk wani ƙaiƙayi ko zafi a gaban mace sanyi ake ce masa, kuma da an faɗi haka sai a kama rubuta maganin kashe ƙwayoyin cuta, na sha da na cusawa, zagaye bayan zagaye. Fatar da ta bushe ta tsage tamkar fason ƙafa ce a lokacin hunturu, wanda mai yake buƙata, ba gurza da dutse ba. Kowane zagaye na maganin da ba a buƙace shi ba yana ƙara kashe ragowar ƙwayoyin masu amfani. Don haka mataki na farko shi ne likitar mata ta duba ki da idonta, a ɗauki ruwan gaba da fitsari a gwada, a kuma auna sukarin jininki, saboda ciwon suga yana jawo ƙaiƙayin da ba ya jin magani. Akwai kuma wata cutar fata da ke sa bakin farji ya yi fari-fari yana ƙaiƙayi mai tsanani, wadda maganinta daban ne, kuma ba a gane ta sai an duba. Ɗigon jinin da kike gani, mafi yawan lokaci daga tsagewar siririyar fata yake, amma ƙa'ida ita ce duk jinin da ya fito wa macen da ta daina al'ada sai an binciki mahaifa da bakinta kafin a ɗora laifin a kan bushewa. Wannan ya fi zama dole ga masu shan tamoxifen, wani maganin sankarar mama da ke toshe aikin estrojin, domin shi yana ninka haɗarin sankarar mahaifa sau biyu zuwa uku, ko da yake haɗarin tun asali ƙarami ne.

Kafin ki sayi komai, akwai abin da za ki daina. Kayan matsi su ne na farko, kuma a kansu ba na sassautawa. Bagaruwa da alimun da makamantansu suna matse fata ne ta hanyar tsotse ruwanta, wato ainihin abin da ke damunki shi suke ƙarawa, kuma macen da farjinta ya riga ya fara tsukewa saboda rashin estrojin ba ta da wata buƙatar matsi. Haka miski da duk wani turare da ake cusawa, da turaren tsuguno, da zama cikin ruwan zafi, da wanke ciki da sabulu ko Dettol ko ruwan kanumfari ko gishiri. Abin da jikinki ya jure kina da shekara 30 ba lallai ne ya jure shi yanzu ba. Tsarki da ruwa zalla mai ɗan ɗumi ya wadatar, a waje kawai, sannan a dangwale da tsumma mai laushi ba tare da gogawa ba. Mata da yawa sukan ga rabin zafin ya tafi daga wannan kaɗai.

Sai abin shafawa wanda babu estrojin a cikinsa, wanda shi ne matakin farko da duk manyan ƙungiyoyin likitocin mata da na sankara suka yarda da shi. Iri biyu ne, kuma ana yawan rikita su. Akwai mai riƙe danshi, wanda ake sa wa a cikin farji a kai a kai ko da saduwa ko babu, galibi da dare lokacin kwanciya. Wasu an yi su da sinadarin polikabofil, kamar Replens, wasu kuma da sinadarin hayaluronik, wanda ke jawo ruwa ya riƙe a jikin fata. A takardar da ke cikin kwali za ki ga an ce sau biyu ko uku a mako, amma mai shan letrozole takan buƙaci sau uku zuwa biyar, kuma a shafa har a bakin farji da leɓɓansa, domin nan ne zafin ya fi taruwa. A ba shi wata biyu zuwa uku kafin a yanke masa hukunci. Na biyu shi ne man santsi, wanda ake amfani da shi lokacin saduwa kawai, a jikin mata da miji duka, kuma a sa da yawa ba tare da rowa ba. Wanda aka yi da silikon ya fi daɗewa bai bushe ba. Cikin waɗanda aka yi da ruwa, a guji mai ƙamshi, da mai ɗumama wuri ko sanyaya shi, da wanda aka cika masa gilisarin, saboda irin wannan yana zuƙe ruwa daga fata maimakon ya ba ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ja hankali a kan wannan tun 2012.

Man kwakwa da man zaitun da man kaɗanya mai tsabta ba su da estrojin, kuma ba laifi a shafa su a waje don laushin fata, musamman inda na kemis ya yi tsada ko ya yi wuyar samu. Sai dai irin waɗannan mayuka suna lalata kwaroron roba, kuma Vaseline ya fi dacewa da waje, ba ciki ba.

Akwai wata dabara mai arha da ba a cika faɗa wa mata ba. Yawancin zafin saduwa a irin halinki a bakin farji yake, ba can ciki ba. A wani gwaji da aka yi a jihar Oregon ta Amurka, wanda aka buga a 2015, an ɗauki mata 46 da suka yi sankarar mama suna fama da matsanancin zafin saduwa, aka ba wasu ruwan lidocaine mai ƙarfin kashi 4 cikin 100, wato maganin kashe zafi irin na masu cire haƙori, su jiƙa auduga da shi su ɗora a bakin farji na minti 3 kafin saduwa, sannan su sa man silikon. Zafin ya ragu ƙwarai, kuma daga cikin mata 20 da suka riga suka daina saduwa gaba ɗaya, 17 sun koma. Ki tambayi likitarki wannan. Idan kuma wurin ya tsuke, ko jikinki ya koyi ƙanƙamewa da zarar an kusance ki saboda tsoron zafi, akwai sandunan roba masu santsi, daga ƙarami zuwa babba, da ake amfani da su a hankali a gida don buɗe wurin, kuma akwai ma'aikatan fisiyo, wato masu gyaran jiki ta hanyar motsa gaɓoɓi, da suka ƙware a kan sassauta naman ƙugu.

Yanzu ga abin da kike tsoro, wato estrojin. Tsoronki yana da tushe, amma dole a raba abu biyu. Estrojin da ake sha ko ake manna wa a fata domin ya zagaya jiki duka, irin wanda ake ba wa mata don zufar ɗaukewar al'ada, ba naki ba ne. An gwada shi a kan matan da suka yi sankarar mama a ƙasar Suwidin, a gwajin da ake kira HABITS, aka tsayar da gwajin a 2003 kafin lokacinsa saboda cutar ta fi dawowa ga masu shan sa. Haka ya faru da tibolone, wani maganin ɗaukewar al'ada mai aiki irin na estrojin, a wani babban gwaji da aka buga a 2009. Wannan ƙofa a rufe take.

Estrojin ɗan kaɗan da ake sa wa a cikin farji wani abu ne daban. Ƙwayar cusawa ta estradiol, wani nau'in estrojin, mai maikurogiram 10, wadda ake sa wa kullum na mako biyu sannan a koma sau biyu a mako, idan aka tara duk abin da mace ta yi amfani da shi a shekara guda bai wuce miligiram 1.14 ba, alhali ƙwayar sha guda ɗaya ta rana ɗaya takan kai miligiram 1. Kaɗan daga ciki yana shiga jini, musamman a makonnin farko lokacin da fatar take siririya, sannan ya ragu idan ta yi kauri. Kuma babu wani magani da ya kai shi gyara wannan matsala, domin yana mayar wa fatar kaurinta da tsaminta, ya kuma rage yawan ciwon mafitsara.

Abin da aka gani a jikin mutane shi ne kamar haka. A 2023 an buga binciken da ya bi mata 49,237 masu sankarar mama a Sikotland da Wels, bai ga ƙaruwar mutuwa daga sankarar ga waɗanda suka yi amfani da estrojin na farji ba. A 2022 kuma an buga na ƙasar Denmak a kan mata 8,461, wanda shi ma bai ga ƙaruwar mutuwa ba, kuma a jimlace bai ga ƙaruwar dawowar cutar ba, amma da aka ware masu shan irin maganinki, sai aka ga dawowar ta ƙaru da kimanin kashi 39 cikin 100. A fahimci wannan adadi da kyau: idan a cikin mata 100 cutar za ta dawo wa 10, to ta zama kusan 14 ke nan, ba 49 ba. Matan Denmak ɗin an gano cutarsu ne tsakanin 1997 da 2004, zamanin da ƙwayar da aka fi amfani da ita ta fi ta yanzu ƙarfi, kuma duka binciken biyu bin diddigin takardun asibiti ne, ba gwajin da aka raba mata gida biyu da ƙuri'a ba. Duk da haka ban ga dalilin share sakamakon ba, domin ya yi daidai da yadda magungunan ke aiki. Tamoxifen yana toshe wurin da estrojin ke kamawa a jikin ƙwayar sankara, don haka ko ɗan estrojin ya shiga jini zai tarar an riga shi. Letrozole kuwa ba ya toshe wurin, ƙarar da estrojin ɗin yake yi, don haka duk abin da ya shigo daga waje yana rage masa aiki gwargwadon yawansa.

Shi ya sa ƙungiyar likitocin mata ta Amurka, a matsayar da ta fitar a 2021, ta ce a fara da abin da babu estrojin, idan bai wadatar ba a iya ba mai shan tamoxifen estrojin na farji, mai shan irin letrozole kuma a ba ta bayan an zauna tsakaninta da likitar mata da likitan sankara an auna. Abin da ake aunawa shi ne girman ƙarin da aka cire miki, ko ya kai ga kaluluwar hammata, shekara nawa da gama magani, da kuma yadda wahalar ta kai. A ra'ayina, macen da azaba ta kai ta ga tunanin ajiye letrozole ta riga ta shiga sahun waɗanda ya kamata a yi wannan zama da su da gaske, domin ɗan estrojin da aka auna ya fi ajiye maganin sauƙin haɗari nesa ba kusa ba. Akwai kuma hanya ta tsakiya da likitan sankara zai iya zaɓa, wato ya mayar da ke kan tamoxifen, wanda bai kai letrozole busarwa ba, sannan a haɗa miki da estrojin na farji idan an buƙata.

Man da mai kemis ya miƙo miki kuwa, kada ki fara shi da kanki. Man estrojin ya fi ƙwayar cusawa wuyar aunawa, hannu yakan zarce, kuma wasu nau'o'insa sun fi shiga jini. Idan aka yanke shawarar ba ki, a zaɓi mafi ƙarancin ƙarfi, ƙwayar cusawa ko zoben da ake sa wa ya yi wata uku yana sakin magani kaɗan-kaɗan, ko estriol, wani nau'in estrojin mai rauni, a ma'aunin da likita ya rubuta. Akwai kuma prasterone na cusawa, wani sinadari da jiki ke juyawa zuwa sinadaran maza da na mata, wanda Amurka ta amince da shi a 2016, wanda wasu likitoci ke zaɓa wa masu shan letrozole, amma shi ma sai da yardar likitan sankara. Gasa farji da hasken leza, wanda wasu asibitocin kuɗi ke tallatawa da tsada, ba na ba ki shawarar sa: hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kansa a 2018, kuma da aka gwada shi da na bogi a Ostireliya, sannan a Sifaniya a kan mata masu shan irin maganinki, bai fi na bogin ba.

Abin mamaki shi ne, macen da ke tsoron ƙwayar da aka auna aka bi diddiginta a jikin dubban mata, ita ce za ta haɗiyi kafson da ba ta san abin da ke cikinsa ba saboda an ce mata na itatuwa ne. A Amurka, inda yawancin waɗannan kafso masu kyan kwali suke fitowa, dokar 1994 ba ta tilasta wa kamfani ya tabbatar da amfaninsu kafin ya kai su kasuwa ba. A Najeriya ma lambar NAFDAC a jikin maganin gargajiya ba shaidar cewa yana warkarwa ba ce, shi ya sa za ki ga an rubuta a jikin kwalbar cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin da aka yi ba. Wanda aka ƙulla a leda ko aka ɗura a gorar ruwa kuwa ba a ma maganarsa, kuma a ƙasashe da dama an sha kama magungunan ƙarin sha'awa da ake cewa na itatuwa ne an cakuɗa su da magungunan asibiti a ɓoye.

Game da waken suya, a bambanta abinci da kafso. Awara da madarar waken suya ba su da laifi. An bi mata 5,042 masu sankarar mama a birnin Shanghai na ƙasar Sin, aka buga sakamakon a 2009, aka ga waɗanda suka fi cin waken suya ba su fi sauran dawowar cutar ba, ƙasa ma suka yi, har da masu irin taki. Ki ci awararki. Kafson kuwa an tace sinadarin isofilabon ne, mai kama da estrojin, an tattara shi a ma'aunin da ya wuce na kwanon abinci, ba a tabbatar da lafiyarsa ga mai shan letrozole ba, kuma amfaninsa ga bushewar gaba bai taka kara ya karya ba. Ki mayar wa mai shi. Hulba ma haka: ɗan abin da ke shiga girki ba abin damuwa ba ne, amma a gwajin ɗakin bincike an ga ruwanta yana motsa ƙwayoyin sankarar mama masu amsa estrojin, don haka shan ta cokali-cokali kullum, ko shafa manta a ƙirji kamar yadda ake yi don cikar mama, ba na macen da ta yi irin cutarki ba ne. Duk abin da aka ce yana ƙara girman mama ko ƙugu, ko yana daidaita sinadaran mace, ko yana dawo da ƙuruciya, ki ɗauka kai tsaye cewa ba naki ba ne, domin wasu daga cikinsu ta hanyar estrojin suke aiki. Cikin waɗannan akwai saiwar ƙasar Tailan mai suna Pueraria mirifica, mai ƙarfi ƙwarai, da kafson DHEA na sha, wanda jiki ke juyawa zuwa sinadaran maza da na mata.

Tsumin da aka yi da dabino da rake da kankana, ko kunun aya da kwakwa, ko goron Tula, abinci ne, kuma in ba ki da ciwon suga ba zan hana ki ba. Amma kada ki sa rai za su dawo da ni'ima, domin ba ƙarancin abinci ko ruwa ne ya ɗauke ta ba.

Haɗari na biyu shi ne abin da ke rage ƙarfin maganin sankarar a cikin hanta, kuma wannan ya fi shafar masu shan tamoxifen, don haka ki riƙe shi ko da za a canja miki. Tamoxifen sai hanta ta juya shi zuwa wani sinadari mai suna endoksifen kafin ya yi cikakken aiki. Ganyen Turawa da ake kira St John's wort, wanda ake sha don damuwa, yana sa hanta ta zubar da magunguna da yawa da sauri. Wani ƙaramin bincike a birnin Rotadam na ƙasar Holan a 2019 ya nuna kafson kurkur, musamman wanda aka haɗa da sinadarin masoro, yana rage endoksifen a jini, ko da yake kurkur na miya bai kai wannan ma'auni ba. Cikin magungunan asibiti, paroxetine da fluoxetine na ciwon damuwa suna hana wannan juyi, rifampicin na tarin fuka kuma yana rage tamoxifen sosai, abin da ya kamata a sani a ƙasar da tarin fuka ya yi yawa kamar tamu. Ga waɗanda ke tsakiyar kemo, wani bincike na Amurka a kan mata 1,134 da aka buga a 2020 ya danganta shan kafson bitamin A da C da E da makamantansu a lokacin kemo da ƙaruwar dawowar cutar.

Abin da ke da amfani a gare ki cikin kafso kaɗan ne, kuma ba don gaba ba ne, don ƙashi ne. Letrozole yana zaizaye ƙashi, don haka ana so ki sami kalsiyam kimanin miligiram 1,200 a rana, a haɗe da na abinci irin su nono da kindirmo da ƙananan kifi da ake ci da ƙaya da ganyen zogale, da kuma bitamin D kimanin ma'auni 800 zuwa 1,000, tare da hoton auna ƙarfin ƙashi inda ake da na'urar. Idan kina shan kafson gyaran gashi mai biotin, ki faɗa kafin a ɗebi jininki, domin yana rikita sakamakon gwaje-gwaje da dama, har da na maƙoƙo da na zuciya.

Maganar maigida ba ƙarama ba ce a wannan lamari. Na san abin da ke tura mata da yawa ga kayan mata ba son su ba ne, tsoro ne kada miji ya ga an gaza, musamman inda akwai abokiyar zama. Namiji da bai sani ba yakan fassara gudun shimfiɗa da ƙiyayya ko raini, alhali ciwo ne mai suna da dalili. Idan da hali ku je asibiti tare ya ji daga bakin likita cewa maganin da ke tsare ranki ne ya jawo haka, kuma yana da rawar da zai taka: ya ba da lokaci kafin saduwa, ya yarda da man santsi, ya bar ki ki zaɓi yanayin da za ki iya sarrafa zurfi da sauri, ya kuma dakata idan kin ce akwai zafi. Saduwa a kan tsagewar da ba ta warke ba tana ƙara ta ne, kuma tana koya wa jiki ƙanƙamewa, don haka hutun mako biyu ko uku a farkon magani, ana kusantar juna ta wasu hanyoyin, yana cikin maganin.

Ranar da za ki koma asibiti ki zuba duk abin da kike sha ko shafawa ko cusawa a jaka ɗaya, har da na ƙawayen, ki ajiye a gaban likita ko masanin harhaɗa magunguna su duba ɗaya bayan ɗaya. Idan aka fara miki estrojin na farji, a sake duba ki bayan wata uku, ki ci gaba da hoton mama na shekara-shekara, kuma ki sani bushewar takan dawo idan aka daina, don haka tsawon lokacin da za ki yi a kansa abu ne da za a riƙa sabunta shawararsa tare da likitan sankara. Kada ki jira ranar da aka ba ki idan kika ga jini ba tare da saduwa ba, ko ruwa mai wari, ko gyambo ko ƙari a gaba, ko zazzaɓi da ciwon kwiɓi tare da raɗaɗin fitsari, ko sabon ƙullutu a mama ko hammata, ko ciwon ƙashi a wuri ɗaya da ya ƙi tafiya.